Kaset ɗin Fela da Baba ya bari: in ci gaba da saurare ko in zubar?

Tambaya: Mahaifina ya daɗe yana sana'a a Legas. Bayan rasuwarsa muka tarar da kwali guda cike da kaset-kaset ɗin Fela Kuti a ɗakinsa. Na fara saurare, kiɗan ya shige ni ƙwarai. Sai na karanta tarihin mutumin: auren mata 27 rana ɗaya, tabar wiwi, maganganunsa na raina mata, da irin mutuwar da ya yi. Yanzu in na kunna sai in ji kamar ina goyon bayan abin da na tsana. Shin ana iya raba waƙa da halin mai ita, tunda ma ya riga ya mutu?

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifinki, ya sa can ta fi nan. 'Yata, na yi kusan shekara 30 a ɗakin ajiyar faya-fayai na gidan rediyo, ni ke zaɓar abin da za a sa a shirin waƙoƙin da, don haka tambayarki ba baƙuwata ba ce. Na sha yi wa kaina ita, hannuna riƙe da faifan mutumin da in da maƙwabcina ne ba zan bar ɗiyata ta taka ƙofar gidansa ba. Hukuncin kiɗa a shari'a dai na malamai ne, ba fagena ba ne, kuma ba shi kika tambaya ba. Damuwarki ita ce yadda za ki yi da kiɗa mai daɗi da ya fito daga hannun mai halin da ba ki so.

Abin da kika karanta gaskiya ne, sai dai bai cika ba. An haifi Fela a Abeokuta a 1938, a gidan 'yan boko na sosai. Ubansa limamin coci ne kuma malamin makaranta. Uwarsa, Funmilayo Ransome-Kuti, ita ce ta jagoranci matan Abeokuta suka yi bore kan harajin da aka ɗora wa mata, har Alake, sarkin garin, ya sauka daga gadon sarauta a 1949. Ki riƙe wannan a ranki: mutumin da ya yi waƙa yana kwatanta mace da katifa, ɗan macen da ta tuɓe sarki ne. Ya karanta kiɗa a Landan daga 1958, ya je Amurka a 1969, can ya haɗu da wata baƙar Ba'amurkiya, Sandra Smith, wadda ta ba shi littattafan gwagwarmayar baƙar fata. Ya dawo gida wani mutum daban. Wato siyasar da ake yabonsa da ita ma, mata biyu ne suka dasa masa ita.

Ranar 18 ga Fabrairu 1977, kwanaki kaɗan bayan an tashi daga FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya da aka yi a Legas, wanda ya ƙaurace masa, sojoji kimanin 1,000 suka kewaye gidansa da yake kira Jamhuriyar Kalakuta. Waƙarsa ta Zombie, wadda ta ce soja gawa ce mai tafiya da umarni, ta riga ta cika gari. Aka ƙone gidan da kayan kiɗa da ɗakin shan magani na ƙaninsa Dakta Beko, aka lakaɗa wa mutanen gidan duka, aka ci zarafin mata, aka jefo tsohuwarsa mai shekara 76 daga tagar bene. Ba ta ƙara lafiya ba har ta rasu a Afrilun 1978. Kwamitin binciken gwamnati ya ce sojan da ba a san shi ba ne ya yi ɓarnar. A 1984 gwamnatin Buhari ta ɗaure shi kan zargin fita da kuɗin waje, ya yi wata 20 a gidan yari kafin a sake shi a 1986. Wannan mutumin ya biya kuɗin bakinsa da jikinsa, ba kamar masu zagin gwamnati daga nesa ba.

Auren 27 ɗin nan a Fabrairun 1978 aka yi shi, shekara guda bayan ƙona gidan. Yawancinsu 'yan rawa da 'yan amshinsa ne, waɗanda aka daka tare da shi, suka rasa matsuguni, gari kuma yana kiransu karuwai. Shi ya ce ya aure su ne don ya ba su mutunci. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma kada ya ruɗe ki. Gida ne da mutum ɗaya ke yanke hukunci, shi ne miji, shi ne ubangida mai biyan albashi, shi ne alƙali. A littafin tarihinsa da Carlos Moore ya fitar a 1982 an ba matan dama suka yi magana da bakinsu, kuma maganar mari ta fito a ciki. Da ya fito daga kurkuku ya sallami waɗanda suka rage. Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne ƙarshensa. Ya ƙaryata cutar ƙanjamau, ya raina kwaroron roba, ya ƙi maganin asibiti, alhali yana tare da mata da yawa. Ya mutu ranar 2 ga Agusta 1997 yana da shekara 58, washegari yayansa Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, tsohon ministan lafiya, ya fito ya gaya wa duniya cewa ƙanjamau ce ta kashe shi. A lokacin da ake ɓoye wannan cuta kamar gawar sata, abin da Olikoye ya yi jarunta ce. Taurin kan Fela kuwa bai tsaya kan ransa shi kaɗai ba, ya jefa rayukan wasu cikin haɗari.

To ga mutumin gaba ɗaya. Yanzu ga kiɗan.

Mu Hausawa ba mu taɓa ɗora wa makaɗi nauyin zama abin koyi ba. Sarki zai sa a kira makaɗinsa, ya ji kirari har tsigar jikinsa ta tashi, ya ba da doki da riga, amma in makaɗin ya zo neman auren 'yarsa, a nan zumuncin ya ƙare. Ba na yabon wannan rainin da aka yi wa maroƙa, akwai zalunci a ciki. Ina nuna miki ne cewa kakanninmu sun san bambancin baiwar mutum da halinsa, ba su kuma ruɗe ba. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, bai ɓoye shan giyarsa ta wani zamani ba, har waƙa ya yi mata, kuma duk da haka Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa, alhazai da malamai suna jin waƙoƙinsa a mota. Babu wanda ya ce ya koyi tarbiyya a wurin Shata. Hausa aka koya a wurinsa, da yadda ake ɗaura magana a kan kalangu ba tare da an shirya ta a gida ba. Gambo mai waƙar ɓarayi ma ɗalibai na rubuta kundin digiri a kansa, ba don suna sha'awar fasa shago ba.

Malaman zaure sun riga mu warware rabin matsalar. Suna karantar da waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi, mutumin jahiliyya da ya cika baitocinsa da labarin shiga wurin matan mutane da dare, don su koyi Larabcin da za su fahimci Alƙur'ani da shi. Alƙali Aljurjani, wanda ya rasu a shekara ta 392 ta Hijira, da ya tashi kare mawaƙi Mutanabbi daga masu sukarsa, cewa ya yi in da munin aƙida na rage darajar mawaƙi, da sai a goge sunan Abu Nuwas daga littattafai, a fara ma da mawaƙan jahiliyya. Alƙalin Musulunci ne fa ya faɗi haka, fiye da shekara 1,000 da suka wuce.

Sai dai ba zan ba ki wannan hujja ki tafi da ita haka nan ba, don ba ta rufe Fela duka. Shata bai taɓa neman shugabancin ƙasa ba. Fela kuwa ya kira kansa Baƙin Shugaban Ƙasa, ya kafa jam'iyya, ya nemi tsayawa takara a 1979 aka hana shi rajista. Kullum yana kan dandamali yana wa'azin 'yanci da adalci, yana tona asirin masu danne na ƙasa da su. Wanda ya ɗauki wannan matsayi ya ba ka izinin ka leƙa cikin gidansa ka ga yadda yake yi da na ƙasa da shi. In ka leƙa, za ka tarar da ƙaramar gwamnatin mutum ɗaya. Ko makaɗansa sun ɗanɗana: bayan wasan da suka yi a Balin ta Jamus a 1978 yawancin ƙungiyar suka watse saboda rigimar kuɗi, ana cewa zai zuba abin da aka samu a yaƙin neman zaɓe. Don haka ƙyamar da kike ji tana da tushe. Ba raunin zuciya ba ne, kin auna shi ne da mudun da shi kansa ya kawo kasuwa.

Abin da na koya a wurin aiki shi ne in daina tambayar "mutumin kirki ne ko na banza", in koma tambayar kowane faifai shi kaɗai: laifin yana cikin waƙar ko yana wajenta? Akwai waƙar da ita kanta ce makamin. Simon Bikindi na Ruwanda gwanin kiɗan gargajiya ne, amma gidan rediyon RTLM ya yi ta sa waƙoƙinsa a 1994 lokacin da ake yanka 'yan Tutsi. Kotun duniya da ta zauna a Arusha ta ɗaure shi shekara 15 a 2008. Ba a kan waƙoƙin aka kama shi da laifi ba, a kan kiran kisa ne da ya yi ta lasifika a bakin hanya, amma kotun ta amince cewa waƙoƙin sun hura wutar ƙiyayya. Ya mutu a 2018. Irin waɗannan waƙoƙi babu abin da za a raba, gubar a cikin tuwon take. Wurinsu ɗakin ajiya ne don masu bincike.

Fela bai kai nan ba, ko kusa, amma kwalin mahaifinki ba kala ɗaya ba ne. Akwai waƙarsa ta 1975 da ya ɗauko daga karin maganar Yarbawa cewa ruwa ba shi da maƙiyi. Ki saurare ta sau ɗari, ba za ki ji raini ga kowa ba, ƙaho ne da fiyano da hikimar tsofaffi. Akwai waƙoƙinsa na sojoji da 'yan sanda da cunkoson motar haya, da talaka mai shan wahala yana murmushi, waɗanda in aka sa su yau za ki rantse jiya aka yi su. Sannan akwai ta katifar nan, ita ma ta 1975. A nan halin ya shigo cikin waƙar, ya zauna daram. Ba za ki ce kin raba su ba, don abin da kike ƙi shi ne ake rera miki, kuma mata ne ke amsawa. Haka waƙoƙin da yake kwaikwayon addu'ar Musulmi da ta Kirista yana shaƙiyanci. Hujjarsa ita ce malaman addini suna cin daɗi talaka na wahala, kuma maganar ba ta rasa gaskiya ba, amma salon izgili ne, Musulmi kuwa yana da damar ya ce kunnensa ba zai ɗauka ba. Ni ban taɓa sa su a iska ba, a gida ma tsallake su nake yi. Tsallake waƙa ba munafunci ba ne. Wanda ya ce dole ki karɓi mutum duka ko ki yar da shi duka, shi kansa ba haka yake zaune da danginsa ba.

Wani abin da masu cewa a ƙone kaset suke mantawa: kiɗan ba na Fela ba ne shi kaɗai, ko da sunansa ne a bango. Abin da ya shige ki ɗin nan, wanda ke sa kafaɗa motsi ba ki sani ba, mafi yawansa daga hannu da ƙafar Tony Allen yake fitowa, mai gangunan da ya rasu a Faris a 2020. Fela da bakinsa ya ce in babu Tony Allen babu Afrobeat, wato salon kiɗan nasa. Akwai masu jita biyu da ke saƙa zare ɗaya na minti 20 ba kuskure, akwai masu ƙaho, akwai matan amshi. Muryoyin nan masu kaifi da ke mayar masa da magana, su ne matan da kike tausayawa. Aikinsu ne, gwanintarsu ce, sun sha duka a hannun soja saboda shi. In kika zubar da kaset ɗin don kare mutuncinsu, kin zubar da kusan abin da ya rage na sana'arsu. Ni tun da na lura da haka, in na sa faifan Fela kunnena wurin amshi yake zuwa.

Batun mutuwa kuma yana sauya abu biyu, ya bar na uku yadda yake. Na farko kuɗi. Mai rai in ka sayi waƙarsa ka ƙara masa ƙarfin ci gaba da abin da yake yi, ka ba shi na lauya. Matacce ba ya karɓar ko kwabo, magada ne ke karɓa. James Brown, mawaƙin Amurka, wanda aka sha kamawa kan dukan matansa, da ya mutu a 2006 wasiyyarsa cewa ta yi a kashe mafi yawan dukiyarsa kan karatun 'ya'yan talakawa, ko da yake shari'ar gado ta riƙe kuɗin kusan shekara 15. Kaset ɗin mahaifinki kuwa an biya kuɗinsa tun kafin a haife ki. Na biyu, ba zai ƙara cutar da kowa ba, ba zai kuma tuba ko ya kare kansa ba, littafinsa ya rufe. Shi ya sa aka hore mu da kame baki. Hadisin Nana A'isha da ke cikin Buhari ya ce kada a zagi matattu, domin sun isa ga abin da suka gabatar.

Na ukun da bai sauya ba shi ne waɗanda aka cuta. Su suna raye, ko 'ya'yansu suna raye. A nan nake ganin muna kuskure, mu musamman. Da zarar mutum ya kwanta dama sai mu ce a rufa asiri, mu mai da shi waliyyi, wadda ya mara kuwa in ta buɗe baki a ce ba ta da kunya, tana tone kabari. Zagi daban, faɗin abin da ya faru daban. Malaman hadisi sun rubuta mujalladai suna cewa wane maƙaryaci ne, wane mai mantuwa ne, duk bayan mutanen sun mutu, don amanar ilimi ta fi kunyar matacce. Kowace Oktoba ana bikin tunawa da Fela a Ikeja, gidansa na ƙarshe ya zama gidan tarihi, shugaban Faransa Macron ya ziyarci wurin wasan 'ya'yansa a 2018. Duk wannan ya cancanta. Abin da ba na so shi ne a ba da labarin auren 27 ana dariya kamar wata bajinta, a ƙi tambayar ina matan suka ƙare.

Bari in ba ki labarin kaina, don ni ma na taɓa gwada rabawar da kike tambaya, da hannuna. A zamaninmu akwai faya-fayan da ake rubuta wa NTBB a jiki, ma'ana kada a sa a iska, kuma na Fela da yawa suna cikinsu. Satin da ya mutu, lokacin mulkin Abacha ne, muka yi ta gardama a ofis. Ba zai yiwu a yi shiru ba, ga dubun dubatar mutane sun cika titunan Legas suna rakiyar gawa, amma kowa na tsoron kujerarsa. Wani babba a cikinmu ya kawo dabara. Waƙoƙin Fela dogaye ne, sau da yawa sai an yi minti 10 ana kiɗa zalla kafin ya buɗe baki. Aka ce in sa kiɗan, da na ji muryarsa za ta shigo in rage sauti a hankali, mai gabatarwa ya ɗora magana. Haka na yi. Ya fita tsaf, babu wanda aka kira ofishin kowa. Amma da na koma gida sai na ji kunya. Abin da na cire ba rainin mata ba ne, ba wiwi ba ce, gaskiyar da ya gaya wa soja na cire, wato mafi kyawun abin da ke cikin mutumin. Tun ranar nake zargin duk wata rabawa mai sauƙi, don galibi abin da ya dame mu muke yankewa, mu ce mun yi tsafta.

Saboda haka ba zan ce miki ki raba ba. Ki saurara kina sane da duka. Wannan rashin jin daɗin da ke zuwa miki a tsakiyar kiɗa, kada ki nemi maganinsa, shi ne shaidar ba ki zama 'yar amshin shata ba. In wata rana ya rinjayi daɗin, ki kashe rediyon, babu wanda ke bin ki bashin saurare, Fela ma ba ya bin ki. Na san mutanen da ba sa iya jin muryarsa saboda abin da suka gani a gidan aurensu, kuma ban taɓa ce musu sun kasa fahimtar fasaha ba.

Kaset ɗin da suka kai wannan shekaru zarensu kan manne, ki juya kowanne da biro daga farko zuwa ƙarshe kafin ki sa a rediyo, kuma ki nemi mai kwamfuta ya kwafe miki su tun ba su tsinke ba. Ki duba wanda bangonsa ya fi goguwa, shi mahaifinki ya fi sakawa. Mutumin da ya zauna Legas a shekarun da soja ke zane direba da bulala a tsakiyar titi yana da dalilinsa na ajiye waɗannan waƙoƙi, kuma ina kyautata zaton ba auren 27 ba ne ya burge shi. In mahaifiyarki na nan, ki tambaye ta. In ta ce ita tun suna can ba ta ƙaunar jin muryar mutumin a gidanta, ki zauna ki ji nata dalilin.